Aljanun da Kawu Mainasara Ya Saya

Kawuna Mainasara bai taɓa biyan kuɗin haya ba a rayuwarsa, kuma yana faɗin haka da alfahari. Tun da ya bar gonakin audugar Jazira ya shigo Omdurman, gafir yake, wato mai gadin ginin da ba a gama ba. Shi da matarsa Inna Barakatu da yara, su Khadiga, sukan tare a ciki, ba ƙofa ba taga, har ranar da mai gida zai zo da fenti. Ranar nan sai a ɗora gadaje a kan amalanken jaki a nemi wani kango.

Gida na ƙarshe a unguwar Umbadda yake, na wani mutum mai aiki a Jidda. Ɗaki uku, an yi rufi, ga famfo. Da mai gidan ya aiko a sayar, Kawu ya daina cin abinci sosai, don Inna ta riga ta rantse ba za ta ƙara hawa amalanke da tukwanenta ba.

Sai ya samo dabara. Duk wanda dillali Idirisu ya kawo, Kawu zai ba shi shayi, ya zagaya da shi, ya yabi ginin. A bakin ɗakin ƙurya sai ya yi sallama da ƙarfi.

Mai saye ya ce, "Akwai mutane a ciki ne?"

"A'a, ba komai. Ba sa cutar da kowa, in dai ba a soya albasa ba."

Idirisu yakan bi mai saye da gudu har bakin titi, ya dawo yana haki. "Ya zol, kai mutumin nan, ka ji tsoron Allah! Da bakinka kake yanka mini abinci!"

Ana nan kasuwar gidaje ta mutu a birnin. Ko'ina "na sayarwa", ba mai tayawa, dillalai suna gyangyaɗi a gindin bishiya. Gidan da ke da lafiya ma farashinsa ya faɗi, balle mai baƙi a ɗakin ƙurya. Farashin ya yi ta saukowa har ya zo daidai da awarwaron zinaren Inna da abin da ta tara na sayar da ƙosai.

Kawu ya shigo da rawar jiki. "Barakatu, Allah ya kawo mu! Mu saya."

"Wanne? Wannan mai aljanu?"

"Haba, ke ma? Shekara nawa kina kwana a nan?"

"Kwanan kyauta daban. Gidan wani, aljanun wani. Amma in cire zinarena in sayi aljani? Abu Khadiga, ko dai akwai su, ko ka yi shekaru kana yi wa Musulmi ƙarya. Ka fita masallaci ka faɗa musu wanne ne."

Kawu mutum ne mai sahun gaba. Ya yi kwanaki yana juya zancen, ga Idirisu ya fara maganar wani mai saye ɗan unguwar Bahri da aka ce ba ya tsoron komai. A ƙarshe ya zaɓi aljanu. Ya sayar da kekensa ya sayi rago, ya gayyato malamai, aka yi karatu aka turare ɗakin, shi da kansa yana riƙe da kasko yana cewa, "Ku fita da girma da arziki." Unguwa duka ta ci nama.

Aka sayi gidan, da sunan Inna, tunda zinarenta ne.

Na taɓa tambayarta ko da gaske ta ji tsoro. Tana tsame ƙosai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ni da nake ajiye buhun wake a ɗakin? Yarinya, da na ce to nan take, da sunan wa kike jin za a rubuta?"