Ranar da Tarsem Mai Rijiya Ya Haye Kogi

Duk ƙauyukan da ke kewaye da garin Dera Baba Nanak na ƙasar Indiya, babu wanda bai san Tarsem Singh mai rijiya ba. Gajere ne kakkaura, shuɗin rawaninsa kullum a karkace, kuma bai iya magana a hankali ba, don shekara arba'in ya yi yana ƙwala kira daga cikin rami. Ubansa ne ya koya masa haƙa, ya kuma koya masa abin da Guru Nanak, wanda ya kafa addininsu, ya bar musu: ka ci guminka, ka raba da na kusa da kai, kada sunan Ubangiji ɗaya ya bar bakinka.

Gonarsa tana dab da wayar kan iyaka. Can ƙetaren kogin Ravi, a ƙasar Pakistan, farar ƙubbar wurin ibada na Kartarpur take, inda Guru ya ƙare rayuwarsa yana noma, yana zaunar da babba da ƙarami a tabarma guda su ci abinci. Tafiyar sa'a ɗaya ce a ƙafa, amma tun da aka raba ƙasar gida biyu, talaka sai dai ya hau tudu ya hango ta.

Wata rana da hantsi Tarsem ya faɗo gida da takalmi ɗaya a ƙafa. "An buɗe hanya! Swaran, an buɗe!"

Matarsa tana tatsa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ka firgita mini saniya, Maigida. Ina ɗayan takalmin?"

"Wa ke ta takalmi? Ai can ma cirewa ake yi!"

Da takardunsu na tsallaka iyaka suka fito, shi ya fara shiga bas, ya ƙi zama. Suna hawa gada ya leƙa ta taga yana ihu, "Ga gonata can! Ashe haka alkamata take ta baya!" Tsofaffin cikin motar wasu na dariya, wasu na share hawaye.

Bayan sun yi ibada, ya zarce wajen tsohuwar rijiyar Guru. Ya zagaya ta, ya shafa tubalin, ya girgiza kai. "Wanda ya yi wannan ya san hannunsa."

Wani dattijo Musulmi da ke shara a wurin ya yi murmushi. "Ɗan'uwa, daga wane gari?"

Tarsem ya faɗi sunan ƙauyensu. Tsintsiya ta suɓuce wa dattijon. Ya ce sunansa Barkat Ali, kuma a can aka haifi mahaifiyarsa kafin a raba ƙasa. Har ta rasu tana zancen wata rijiya a gindin mangwaro biyu, wai ba ta ƙara shan ruwa mai daɗinsa ba.

"Mangwaro biyu?" Tarsem ya daka tsalle. "Bara na yashe ta da hannuna! Tana nan, ruwanta kamar madara!"

Barkat ya rungume shi har rawanin ya kusa faɗuwa. "Rantse!"

"Mai rijiya ba ya ƙarya a kan ruwa. Swaran, zo ki ga ɗan garinmu!"

Tare suka zauna a layin masu cin abinci, aka zuba musu miyar wake da gurasa mai zafi. Tarsem na gamawa ya naɗe hannun riga ya shiga wanke kwanuka, yana ba Barkat labarin kowane gida da kowace bishiya. Sai da Swaran ta janyo shi ta haɓar riga, don har an tayar da motar komawa.

Tun daga ranar, haƙa ta koma hannun 'ya'yansa. Shi kuwa ya zama jagoran tsofaffi: ya kai su ɗaukar hoto, ya bi musu layin takardu, ya riƙe hannunsu har cikin bas. Zuwansa na biyu ya tafi wa Barkat da hoton rijiyar, shi kansa tsaye a bakinta yana dariya, haƙoran gaba biyu babu. Barkat ya duba ya ce, "Rijiyar dai ta fi ka kyau."

Tarsem ya yi dariyar da har masu gadi suka waiwayo.