Kujerar Hagun Raga

Duk mai kai ɗinki lungun bayan kasuwar Kejetia a Kumasi ya san Maame Dufie, tela mai faɗa kamar ta ari baki. Ka kawo mata yadi ka ce gobe kake so, sai ta leƙo ka ta saman tabarau ta ce, "Gobe? To kai za ka taka min keken?" Amma fa ɗinkinta ba ya warwarewa, shi ya sa ake haƙuri da bakinta.

Ɗanta ɗaya tak, Yaw Berko. A lungun nan ya tashi yana tsaron gida a wasan ƙwallo tsakanin duwatsu biyu, shagon uwarsa na hannunsa na hagu. Ko ƙwallon tsumma ya cafe sai ya juya ya ɗaga hannu: "Mama, kin gani?" Ita kuwa ƙafa na kan keke, ido na kan allura, sai ta ce, "Na gani, na gani, je ka."

Da ya shiga jami'a sai shi da abokansa suka koma ƙera mutum-mutumi masu buga ƙwallo. Ta ce, "Na tura ka karatu, ka dawo min da 'yar tsana?" Duk da haka ita ta ɗinka musu 'yan riguna, har da lamba a baya. Ana cikin shirin baje kolin fasaha motar haya ta kife da shi a hanyar Mampong.

Shi ne ɗa na farko da ta rasa, irin wannan mutuwar kuwa al'adarsu ba ta yarda iyaye su yi mata kuka ba, wai kada mutuwa ta ga wurin zama ta dawo. Aka binne shi a gaggauce, ba ganga ba taro. Aka ɗaura mata farin zane kamar ana murna, aka tura mata dakakkiyar doya da ƙwai. Yayanta Opanin Gyasi, babban dangi, ya tsaya a kanta ya ce, "Dufie, ko ɗigo kada in gani." Kai duniya! Matar da ta ɗinka wa rabin gari baƙaƙen kayan makoki, yau an hana ta kukan ɗan cikinta. Ta danne kukan, har ta daina faɗa da masu kawo ɗinki.

Ranar baje kolin, Afrakoma, abokiyar aikin Yaw, ta zo shagon. "Mama, ki daure ki zo. Yaw ya ware miki kujera tun tuni. Ya ce a hagun raga za ki zauna, ko shugaban makaranta kada a ba shi." Opanin Gyasi ya ce zai raka ta, kowa dai ya san gadinta ya tafi.

Zauren baje kolin cike yake maƙil. A kan koren shimfiɗa, mutum-mutumin da ba su wuce gwiwa ba suna tangaɗi, suna cin tuntuɓe, jama'a na ta dariya. Wani ya ce, "Kai, mai lamba tara nan da safe ya sha giya!" Maame Dufie ba ta yi dariya ba. Idonta na kan golan da Yaw ya ƙera da hannunsa, sanye da 'yar rigar rawaya da ta haɗa da ragowar yadi.

Can sai aka sheƙo ƙwallo. Golan ya zube gefe guda, ya tare. Zaure ya kaure da ihu. Ya miƙe a hankali, ƙarafansa na ƙara, ya juya kansa hagu, ya ɗaga hannu. Ya tsaya a haka yana fuskantar ta.

Afrakoma ta sunkuyo ta ce, "Haka ya tsara shi, Mama. Mun ce ɓata lokaci ne, ya ce mu bar masa kayansa."

Nan fa abin da aka danne ya ɓalle. Ta rushe da kuka cikin farin zanenta, irin kukan da ake ji daga hanji. Matan da ke kusa suka juyo suna kallon zanen, suna kallon juna. Opanin Gyasi ya miƙe tsaye. Sai ya ware mayafin kafaɗarsa ya kare ta, ya ce wa matan:

"Me kuke kallo? Ƙwallo ce! Ba ku taɓa ganin an yi kuka a filin ƙwallo ba?"

Ita ko jin sa ba ta yi ba. Ta ture mayafin don ya tare mata gani, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Yaw, na gani," ta ce. "Ɗana, yau kam na gani."

Alƙalin wasa ya hura usur, golan ya sauke hannu ya koma raga.