Ranar da Malam Ya Miƙo Mini Matsefata

Mijina malamin firamare ne a ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa. Tsofaffin kwamfutoci yake sayowa daga Kano, waɗanda ofisoshi suka yar, ya tashe su don ɗalibansa. Ba ya barin kowa ya taɓa cikinsu. Ko ni, iyakata in riƙe masa tocila.

Wata shekara da kaka ya kawo wani kati da zai sa kwamfutar ta yi sauti. A jikin katin akwai 'yan allurai a jere, da wata 'yar hular roba baƙa da ba ta kai ƙwayar wake ba. Jamfa yake ce mata. Ya ce idan ta hau alluran da wani katin ya riga ya kama, kwamfutar sai ta sandare, dole a matsar da ita gaba. Da matsefatar cire ƙaya yake wannan aiki, ba takalmi a ƙafarsa, bayan ya shafa ƙarfen ƙofa, don kar lantarkin jikinsa ya ƙona katin.

Ran nan bayan la'asar ya cire hular lafiya. Wajen mayarwa ta kuɓuce. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Na haska hannunsa na dama, na ga babban yatsan yana motsi shi kaɗai.

"Katin nake so ki haska, ba ni ba," in ji shi.

Inna, mahaifiyarsa, tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Shi kaɗai ya rage mata, kuma da rawar hannu ciwon mahaifinsa ya fara. Ta ɗaga murya:

"Akwatin naku ya ƙi magana ne? Ko shi ma surukar gida ne?"

"Yanzu zai gaishe ki, Inna!"

Ya yi dariya don ta ji. Sannan ya miƙo mini matsefatar, ya karɓi tocilar da hagu, ya tura na daman cikin aljihu.

"Allura ta biyu da ta uku," ya ce a hankali. "Kar ki danna da ƙarfi."

Na ɗora. Aka tada janareta, kwamfutar ta yi ƙara, Inna ta yi guɗa.

Da ya fita alwala ta kira ni, ba ta ɗago daga gyaɗar ba.

"Wa ya gyara?"

Na ce shi ne.

Ta daɗe tana murza ɓawo ɗaya.

"Gobe ki rage masa ruwa a buta, ta yi wa hannun nauyi," ta ce. "Kar ya gane."