Shafuka Bakwai da Na Tura Murhu

Ko na manta komai na ƙuruciyata, wannan kam zai bi ni har kabari. Abin da idona ya fara kamawa wani littafin rubutu ne mai shuɗin bango, wata yarinya ta rungume shi a ƙirji cikin keke napep ɗin da ke kai mu makaranta daga Gwadangaji.

A lokacin ba ni da ƙawa ko ɗaya. Littattafan soyayya na haya su ne abokan hirata, ina karantawa ina mafarkin ranar da za a ga sunana a bangon littafi. Ashe ita ma haka take. Muka shaƙu, kullum muna gindin dogon yaro muna gardamar wane saurayi ya fi iya kalamai a cikin labari.

Wata Alhamis ta miƙo mini littafin nan. "Ni na rubuta. Ke ɗai za ki gani, don Allah kar ki yi mani dariya."

Da la'asar na karanta shi ina tsaron tukunyar shinkafa. Labarin wani masunci ne na Argungu da yarinyar da ke jiransa a bakin gulbi. Na sha kuka. Da hawayen suka bushe sai hassada ta kama ni, don nawa rubutun ko kusa bai kama ƙafar wannan ba. Na yage shafuka bakwai na ƙarshe na tura su murhu, na tsaya ina kallo har suka cinye.

Washegari na mayar mata da littafin, na ce mata haka ta ba ni shi. Ta shafa wurin yagar, ta daɗe tana kallona.

"Ƙawa, mi na yi maki?"

Daga ranar ta daina shiga kekenmu, na koma zaman ni kaɗai har muka gama makaranta.

Bayan shekaru na gamu da ita a Argungu wurin wani suna, tana da shagon ɗinki da 'ya'ya uku. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe tun tuni. Na tambaye ta ko tana rubutu har yanzu.

"Sai dai awon riga," ta ce tana murmushi. "Wancan shi ne na farko, shi ne na ƙarshe."

A ranar na san mece ce ƙeta: ka lalata wa mutum abinsa alhali ko ƙwayar shinkafa ba za ta ƙaru gare ka ba. Ita ta ajiye biro, ni kuma har yau ban rubuta abin da ya kai shafi ɗaya na nata ba.