Ƙarfen da Na Cire a Motar Baba Habu

Ni mekanisiye ne. A da, in ka shiga Magariya ka tambayi wanda ya san tsofaffin a-kori-kura, rumfata za a nuna maka. Ubana manomi ne a wani ƙauye wajen Dungas, lakwal ɗina, wato karatun boko, bai wuce aji huɗu ba, amma Allah ya ba ni kunne: mota na tahowa daga kwana nake jin abin da ke damunta. Ina da mata da 'ya'ya uku, ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi wannan ne don kada wani saurayi ya karanta ya ce talauci ne ya kai ni. Ƙarya ne. Kwaɗayi ne, ba komai ba.

Ku samari, motocin da ke kai iyayenku kasuwa sun girme ku. An daina ƙera irinsu tun tuni, kayan gyaransu kuwa sai an sha wuya. Ka je Damagaram a ce babu, ka tsallaka Kano ka wuni kana tonon tsofaffin ƙarafa, ka dawo da abin da ya ƙi shiga. Sabon da ake kawowa cikin kwali kuma wata biyu yashi ya cinye shi. Shi ya sa ƙarfen asali, wanda ya zo da motar, ko ya tsufa ya fi sabo daraja. Na sha ganin mota ta yi wata guda a jibge saboda ƙarfe ɗaya da bai kai tafin hannu ba.

Da noti na fara. Wata mota na ajiye a wurina, wani ya zo da gaggawa, na kwance noti huɗu daga waccan na ɗaura masa. Na ce wa kaina aro ne. Ban mayar ba, ba wanda ya tambaya. Daga noti na hau famfon mai, daga nan na hau fitila da sauran tarkace. In cire mai kyau a motar wannan, in saka masa gajiyayye da na wanke da kananzir, in sayar wa wancan mai kyan. Sai suna ya fita cewa ba a zuwa wurina a rasa. In an tambaye ni, sai in ce ina da mutum a Kano. Wane mutum? Kano ɗina tana nan ƙarƙashin motar maƙwabcinka.

Har doka na kafa wa kaina, kamar wani mutumin kirki: ba na taɓa birki, ba na taɓa sitiyari. Da wannan dokar nake shiga sahun farko a masallaci ba kunya.

Baba Habu mutumin Waca ne, dattijo mai farin gemu, da a-kori-kurarsa guda ɗaya da yake ci da iyali da ita. Shi ke kwasar 'yan kasuwa da buhunansu tsakanin Waca, Dungas da Magariya. Bai taɓa barin wani ya sa mata hannu ba sai ni. Duk ƙarfen da ke jikinta na asali ne, don yana tattalinta fiye da yadda yake tattalin kansa. “Ɗana” yake ce mini, ni kuma in ce “Baba”. Shekara bakwai ban taɓa cire masa ko kusa ba.

Sai ga wani ɗan kasuwa na Dantchiao, Alhaji Mamman, mai irin motar Baba Habu sak. Rotil ɗinsa ya mutu. Rotil wani ɗan ƙarfe ne mai kai kamar dunƙulen ƙwai, shi ke haɗa sitiyari da tayar gaba. In ya tsinke ana cikin tafiya, direba na murɗa sitiyari ne kawai, taya ta kama gabanta. Alhaji ya nema har ya gaji, ga damina ta kawo kai, ga kayansa a ƙasa.

Ya ce, “Mekanisiye, ko nawa ne, ni dai na asali nake so. Ka yi wa mutuminka na Kano magana.”

Na ce to, a ba ni mako guda.

Kwana uku da wannan magana Baba Habu ya kawo motarsa in canza mata kuloci. Ya ajiye makulli, ya ce zai yi azahar ya biya gidan 'yarsa ya ci abinci. Na shiga ƙarƙashi, idona ya faɗa kan rotil ɗinsa. Wallahi na kau da kai sau biyu. A na uku na miƙa hannu na jijjiga shi, na ji shi daram kamar jiya aka ɗaura.

Akwai wani tsohon rotil a cikin tarkacena wanda wuyansa ya tsage. Na ɗauko shi na yi masa walda, na goge wurin da magagari, na shafe da baƙin mai da giris har ba a ganin tabo. Duk mai sana'ar nan ya san ba a yi wa wannan ƙarfe walda. Ni ma na sani. Na ce wa zuciyata na mako biyu ne kawai, zan je Kano da kaina in samo wani in canza masa, ba wanda zai ji. Kafin la'asar na cire mai kyan na ɓoye wa Alhaji, na ɗaura wa Baba wannan.

Baba Habu ya dawo yana sakace. Ya shafa gaban motar, ya ce, “Ɗana, ka duba mini ƙafafunta? Damina ta zo, hanya za ta ɓaci.”

Na ce, “Na duba, Baba. Lafiyarta lau.”

Ya ce, “To madalla. In kai ka ce lafiya, na kwanta da kunne biyu.” Ya sa mini albarka ya tafi.

Mako biyu suka wuce ban je Kano ba. Yau aiki ya yi yawa, gobe ruwa ya tare hanya, jibi in ce ai ga shi tana tafiya lafiya. Amma duk ranar kasuwa, in ta wuce ta gaban rumfata, sai hannuna ya tsaya da aiki. Na kan ƙirga mutanen da ke baya. Mata a kan buhunan gero, maza sun zuro ƙafafu ta gefe, awaki a ɗaure, kaji a kwando. A gaba kusa da Baba kullum akwai Inna Rabi, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, da yake ba ta wurin saboda ciwon gwiwa. Ta kan leƙo ta ce, “Mai baƙin hannu, an wuni lafiya?” Wani lokaci ta jefo mini ƙullin daddawa in kai wa mai ɗakina.

Ranar nan matata ta ce za ta Waca suna, za ta bi Baba Habu. Na daka mata tsawa na ce ba za ta hau ba. Ta tsaya tana kallona, ta ce, “Motar da kai ke gyarawa?” Na ce cunkoso ya yi yawa, na ɗauko mata kabu-kabu na biya. Ku riƙe wannan da kyau, don daga baya na so in ce ban san zai karye ba. Na sani. Tawa na hana hawa, na bar na mutane.

A mako na shida Baba Habu ya tsaya a rumfata, mota cike, bai ko kashe ta ba. Ya ce yana jin wani ɗan ƙas-ƙas a sitiyari in ya faɗa rami. Na durƙusa, na sa yatsa na share giris ɗin. Ga tsagar nan ta dawo, siririya kamar gashi, ta kusa zagaye wuyan ƙarfen. Maganar da za ta ceci kowa ba ta fi kalma uku ba: Baba, sauke su. Amma in na faɗa, zai kwance ya gani, zai ga walda, zai tambayi wanda ya yi. Na ɗebo giris a yatsa na mayar na rufe.

Na ce, “Yashi ne ya shiga, Baba. In ka dawo sai mu wanke.”

Ba su kai Dungas ba. A wata gangara da ruwa ya ci, ƙarfen ya tsinke, tayar ta juya, motar ta kifa. Mutane da dama sun ji ciwo. Inna Rabi ko shurawa ba ta yi ba. Baba Habu kuwa motar ta danne masa ƙafar dama, aka wuce da shi likita a Damagaram, can aka yanke ta daga gwiwa.

Kun san abin da gari ya ce? Tsufa ne. Idonsa ya mutu ya ƙi ajiye tuƙi, lodi ya yi masa yawa, son kuɗi ya sa ya kashe baiwar Allah. 'Ya'yan Inna Rabi suka ƙi zuwa duba shi. Ni aka kira na jawo motar zuwa rumfata, kuma abin da na fara yi shi ne kwance guntun ƙarfen nan na jefa a masai. Sannan na sayi lemo na tafi gaishe shi. Ya riƙe hannuna yana hawaye, yana cewa, “Ɗana, na ga ramin, na murɗa, ta ƙi jin magana. Ko dai da gaske idona ne?” Na ce masa ƙaddara ce, ya yi haƙuri. Sau biyar ina zuwa, sau biyar ina faɗa masa haka.

Da aka sallame shi, Alhaji Mamman ya ba da motarsa don Allah a kai shi gida, shi ma ya shiga rakiya, ni kuma na bi su a matsayin na hannun dama. Muna dab da Waca muka kafe a yashi. Aka sauko da Baba, aka shimfiɗa masa tabarma a 'yar inuwar da ke gefen motar, muka hau tono. Direba ya karya sitiyari, tayar gaba ta buɗe. Mai ƙafa biyu ba zai ga wurin ba sai ya durƙusa, amma Baba yana kwance ne, fuskarsa daidai da ƙarƙashin motar.

Na ji ya kira Alhaji, murya ƙasa-ƙasa. “Alhaji, ina ka samo wannan rotil?”

Alhaji ya nuna ni, ya ce daga Kano na sa aka kawo masa.

Baba ya ce a goge masa bayan ƙarfen. Aka goge. Ɗigo uku da ɗan layi a ƙasa, an buga su da ƙusa. Ya ce wannan shaidar gidansu ce, ita ubansa ke bugawa a hauya da garma don kada su ɓace a gayya, kuma tun ranar da ya sayi motarsa ya bi ƙarafanta ɗaya bayan ɗaya ya buga musu. Lokacin da na cire shi, busasshen giris ne ya rufe shaidar. Yashin Dantchiao ya wanke ta tas.

Bai zage ni ba. Ya dube ni kawai, ya ce, “To me ka sa mini a wurinsa?”

Na ajiye shebur ɗin da ke hannuna. A nan cikin yashi na faɗi komai, kafin ma a kai ni wurin jandarma. Da labari ya bazu, masu motoci suka yi ta kwance motocinsu, kowa na gano abin da na yi masa. Rana dubu ta ɓarawo, ɗaya ta mai kaya. Alƙali ya yanke mini shekara shida.

Kaso ba wurin ba da labari ba ne. Zafi, ƙuda, ƙwarƙwata, da mutum arba'in a ɗakin da ya dace da goma. Matata ta yi shekara biyu tana kawo mini tuwo, daga nan iyayenta suka ɗauke ta, kuma ban ga laifinsu ba. Amma duk wannan bai kai mini abu ɗaya ciwo ba: in na rufe ido sai in ga yatsana yana mayar da giris a kan tsagar nan.

Da na fito ban nufi gida ba, Waca na nufa. Na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya, sanduna biyu a jingine. Motar an sayar da ita a kilo. Na durƙusa na ce na zo neman gafara.

Ya ajiye igiyar a gefe. Sannan ya ce, “Ƙafa ta Allah ce, ya karɓi abinsa, na yafe. Motar ma na yafe. Amma wata uku ina kwance ina ganin ni na kashe Rabi, ina roƙon Allah ya yafe mini jininta, kai kana zaune a bakin gadona kana ɓare mini lemo. Wannan ina ta ƙoƙari, bai yafu ba tukuna. Tashi ka je gidan 'ya'yanta, hakkin ya fi yawa a can.”

Na je. Babban ɗanta ya saurare ni a tsaye a zaure har na gama, ya ce ya ji, ya koma ciki.

Yanzu facin taya nake yi a wani gari da ba zan faɗa ba. Na tuba, ina kan tuba, karɓa kuwa ta Allah ce. Ku da ke koyon wannan sana'a, da masu kowace sana'a da ake ba ku amana a juya baya, ku ji daga wanda ya gani. Kada ku ari noti ɗaya ba da sanin mai shi ba, don ni ma ban fara da niyyar kisa ba. In an rasa ƙarfe, ku ce an rasa, mota ta kwana wata uku a jibge, ba wanda ya taɓa mutuwa don mota na tsaye. In kuma har kun riga kun yi ɓarnar, ku faɗa tun mutane na da rai. Kunyar wuni ɗaya na gudar wa kaina ranar nan, da na ce a sauke su, da mari biyu da zagi za a yi mini a wuce wurin. Na yi shiru, Inna Rabi ta leƙo ta taga ta ce mini sai sun dawo.