Filayar Bahago

Shekarar da aka mayar da babana aiki can kudu, ya bar ni a Kafanchan wurin gwaggona saboda makaranta. Makaniken jirgin ƙasa ne. A tasha ya zaro filaya daga aljihu ya danƙa mini, ya ce, "Riƙe min har Kirsimeti. Kada ka lalata ta."

Ba ni da aboki a lokacin. Tabarau nake sawa, kuma kunnensa ɗaya ya karye, waya ce ke riƙe da shi, kullum sai ta kwance. In yara sun fita ƙwallo, sai in zauna bayan ɗakin girki in murɗe wayar da filayar, in koma kan littafina.

Filayar ƙarfe biyu ce, ɗaya kwance a kan ɗaya, ƙusa guda ta haɗa su. Kafin damina ta wuce bakinta ya fara gocewa, in na kama waya sai ta zame. Na ɗora ƙusar a kan dutse na bubbuga da guduma. Ta yi ƙarfi kwana biyu, sannan ta saki fiye da da. Na naɗe filayar a tsumma na tura ƙarƙashin tabarma. Duk jirgin da ya yi kuka daga kudu, sai in ɗauka Baba ne ya dawo.

Da Baba ya zo, ban jira ya tambaya ba, na miƙa masa. Ya girgiza ta, ya duba inda ƙarfen ya cinye.

"Kai, da hagu kake murɗawa?"

Na sunkuyar da kai. Tun ina ƙarami aka hana ni hagu. Da dama nake ci, da dama nake rubutu. Sai in ba kowa a wurin nake komawa hannuna.

"In ka murɗa ta wancan gefen, ƙarafan buɗewa suke, ƙusar kaɗai ke shan wahala." Ya daɗe yana kallona. "Ashe har yanzu bahago ne kai. Ban sani ba."

Ya buɗe jakarsa ya ɗauko wata filayar ya miƙo mini. Ita ƙarfe ɗaya ya ratsa ta cikin ɗayan, an rungume shi gefe da gefe.

"Wannan ba ruwanta da hagu ko dama."

Tsohuwar kuwa ya sa ta a aljihun gaba, da ita ya hau jirgi bayan sabuwar shekara. Na dawo daga tasha ni kaɗai, na zauna bayan ɗakin girki, na kama wayar da hagu. Ba ta zame ba.