Waken Da Ya Riga Mu Hawa Lilo

Mun tashi da asuba daga Borokiri, unguwarmu a Fatakwal, ranar Alhamis, ana yayyafi, mu uku: ni da maigida da 'yarmu ta fari. Ku 'yan uwana da muke karatu tare a Islamiyyar mata, kun ishe ni da tambaya tun da na dawo. To ga labarin a rubuce, kowacce ta karanta ta ba ta kusa da ita.

Abin da kowa ya sani shi ne rakiya muka tafi. Yarinyar ta ci jarrabawa, an ba ta gurbi a kwalejin horar da malamai mata a arewa, kuma matar kawun maigida da ke Inugu za ta je gida ranar Lahadi a jirgin ƙasa, sai aka ce a haɗa su. Amma ni akwai abin da na ƙulle a raina ban gaya wa kowa ba. Kafin yaƙi a Ogui muke zaune, cikin Inugu. Can gaba da unguwar akwai wani filin wasan yara mai babban lilo, siffarsa kamar ƙafar keke, tsayinsa ya fi bene, an rataya masa kwanduna na ƙarfe da mutane ke zama, yana juyawa da su sama ya sauko. Tana shekara biyar, duk muka wuce sai ta ja mini mayafi. Wata Laraba na gaji na ce mata, "Ranar Asabar zan kai ki." Ko in Allah ya yarda ban ce ba. Ranar Juma'a muna cikin jirgin gudun hijira da ƙullin kaya ɗaya.

Shekara tara ke nan. Mun yi zaman gida, an gama yaƙi, mun dawo kudu, ciniki ya ja maigida Fatakwal. Ita kuwa ta mayar da maganar abin tsokana. Duk lokacin da na ce zan yi mata wani abu, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, Asabar ɗin ce?" Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna kira. Ni kuwa kun san al'adarmu da ɗan fari: ban taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan", kuma ba na zama tabarma ɗaya da ita a gaban mutane. Kowa dariya yake yi in ta faɗa, har ni. Amma alkawari kaya ne, kuma ba na so ta tafi karatu ta bar ni da shi a ka. Wani ɗan tireda ya ce ya ga lilon yana juyawa da ƙaramar salla, shi ne na fara lissafin kwanaki a raina.

Motar haya muka shiga zuwa Anacha, naira biyu kowane mutum. Hanyar nan ta Owerri yanzu ba ta masu ƙaramar zuciya ba ce. Tankokin mai, tirelolin siminti, sababbin motoci da ko ledar kujera ba a cire ba, kowa sauri yake kamar an ce kuɗin zai ƙare kafin la'asar. A gefe kuma har yanzu za ka hangi gidan da ba rufi, ciyawa ta fito ta taga, kusa da shi ana ɗora sabon bene. Direbanmu hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana waje yana yi wa 'yan uwansa direbobi bayani. Na karanta addu'ar tafiya sau uku, ɗaya tawa, biyu tasa. A wani ƙauye muka sayi gasasshiyar masara da wannan ɗan itacen da suke ci da ita, mai kama da atili amma ya fi shi girma. Na kobo goma ya ishe mu.

Anacha muka kwana a unguwar Hausawa, gidan ƙanwar maigida. Kasuwar garin kuwa, in ba ka riƙe hannun naka ba sai dai ku haɗu a gida. Mun sayi akwatin ƙarfe, bokiti, zanen gado biyu da fitila. Mai akwati ya ce naira bakwai. Ƙanwar maigida ta juye harshe zuwa Ibo, ta ɗaga murya, ta yi kamar za ta tafi har sau biyu, muka ɗauka a huɗu da rabi, aka rabu ana dariya har ya ƙara mana kwaɗo. Da yamma aka kai mu muka ga gadar Kwara da aka gyara. Na tsaya ina kallon ruwan, na tuna waɗanda suka ƙetare ba su dawo ba, namu da nasu, na yi wa namu addu'a.

Juma'a da hantsi muka shiga Inugu. Garin na nan cikin duwatsunsa, sai dai ya cika. A tasha na sayi okpa, alalar gurjiya ce da suke naɗewa a ganyen ayaba, kobo biyar, da zafinta. Ɗanɗanon bai canza ba ko kaɗan, har sai da na juya baya na goge ido. Muka sauka gidan kawu a Ogui. Dattijo ne mai sayar da wake a Kasuwar Artisan, yana cikin waɗanda suka fara dawowa. Muka gaisa daga bakin ƙofa, na durƙusa, ya tambayi hanya da ruwa da mutanen Fatakwal ɗaya bayan ɗaya.

Bayan an sauko daga masallaci na ce wa maigida ina so in ga tsohon layinmu. Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya ɗauki hularsa. Tun daga nesa muka hango lilon, murna ta kama ni. Da muka matso sai na ga ba ya motsi. Ƙofa a rufe da sarƙa, an kafa allo da jan fenti: an rufe don gyara. Ciki duk warin fenti da baƙin mai. An kwance ƙananan lilunan an jera a ƙasa, wani yana kankare tsatsa, wani yana walda.

Yarinyar ta karanta allon, ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ba komai, Yaya. Wata Asabar ɗin." Wannan karon ba tsokana a muryarta, lallashina take yi. Shi ya fi yi mini ciwo.

Muna shirin juyawa sai wani mutum mai furfura ya taho daga ciki yana goge hannu da tsumma. Ibo ne, amma da ya buɗe baki sai Hausar Zazzau.

"Sannunku da zuwa, Malam. Daga ina? Ai kun yi sammako da mako guda."

Ashe a Sabon Garin Zariya aka haife shi, a can ya koyi aikin ƙarfe, shekarar da muka gudu arewa shi ya gudo kudu. Shi ne babban makaniken filin. Suka tsaya da maigida suna tambayar juna unguwanni kamar 'yan gida ɗaya. Ya ce wata biyu ke nan suna aiki: sun canza kusoshi, sun sa sabon bel, sun fente kwanduna goma sha biyun nan. Babban lilon ya gama, abu ɗaya ya rage.

"Ba a ɗora mutum a lilon da aka kwance sai an fara ɗora masa kaya. Kowane kwando buhu biyu, wanda aka san nauyinsa, ya yi ta juyawa a gaban mai dubawa. Gobe da safe zai zo. Buhunan yashin da aka ce za a aiko mini kuwa, har yau. Duk wata tifa a garin nan tana wajen masu gini. In ya zo bai ga kaya ba, sai wani watan."

"Ka cika buhu da ƙasa mana," in ji maigida.

"Malam, mutumin nan ba ya karɓar 'kamar'. Sai abin da sikeli ya faɗa."

Ni kuwa ina jin kalmar sikeli na tuna rumfar kawu da muka wuce da rana: buhuna har rufi, kowanne an auna an rubuta nauyinsa da shuni.

Kunyar suruki ba ta bar ni in tunkari kawu ba, sai na bi ta wajen matarsa muna tsince shinkafa. Gwaggo ta saurare ni har ƙarshe, ta ajiye faranti.

"Ikon Allah. Yau ke ce ke yi wa 'yar fari fafutuka? Ina kunyar taki ta tafi?"

"Gwaggo, ba don ita ba ne. Baki na yi, na ɗauki alkawari."

"Ji ta! To bakin ne zai hau lilon?"

Ta yi dariyarta ta ƙoshi, sannan ta tashi ta shiga wajensa. Ina jiyo shi ta labule: "Wakena? A sama? In buhu ya fashe, tsuntsayen Inugu ne za su biya ni?" Can kuma na ji Gwaggo tana magana ƙasa-ƙasa. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Shekara tara? A gaya wa masu kura su zo da sassafe."

Safiyar Asabar ban taɓa ganin irinta ba. Kura huɗu, buhu ashirin da huɗu, kawu a gaba da sikelinsa da carbinsa, bayansa rabin 'yan layin wake sun rufe rumfa sun biyo kallo. Mai dubawa ya iso da farar riga da takardu, ya zagaya buhunan, ya sa aka sake auna uku a gabansa. Ya ɗaga kai ya ce da turancin kasuwa, "Na beans go first climb?" Wai wake ne zai fara hawa? Makanike ya ce ai nauyi nauyi ne. Mutumin ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

Aka ɗaure buhu biyu-biyu a kwanduna, suka zauna kamar fasinjojin kirki. Inji ya tashi, lilo ya fara juyawa. Kawu ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, bakinsa na motsi da addu'a. Wani abokin cinikinsa ya ce, "Alhaji, wakenka ya ga Inugu fiye da kai." Ya ce, "Ku dai ku yi shiru har ya sauko." Aka juya su gaba, aka tsayar da su cak a sama don gwada birki, aka sake saki. Makanike yana tsaye ya kara kunne a jikin ƙarfe kamar mai sauraron cikin mara lafiya. Kusan awa guda ana haka. Ko ƙwaya ba ta zube ba. Mai dubawa ya sa hannu.

Filin ba zai buɗe wa jama'a ba sai mako mai zuwa, amma a al'adar aikinsu, bayan kaya wanda ya yi gyaran ne ke fara hawa, don ya nuna ya yarda da hannunsa. Makanike ya shiga kwando na farko da mataimakinsa, ya nemi izinin mai dubawa, ya nuna na biyu.

"Masu wake su ne baƙinmu. 'Yan mata, bismilla. Amma ba a hawa mutum ɗaya, kwandon zai karkata. Malam?"

Maigida ya dubi sama, ya dubi babbar rigarsa, ya ce iska za ta kama ta. Kawu ya ce shi wakensa ya wakilce shi. Gwaggo ta tura ni da gwiwar hannu: "Mai baki, je ki."

Haka na zauna kujera ɗaya da 'yar fari a gaban surukai da rabin kasuwa. Na ja mayafi na rufe fuska, na karanta addu'ar hawa abin hawa, ko da yake ban san ko malamai sun sa lilo a ciki ba. Ƙasa ta fara nisa. Rufin kwano, layin dogo, hasumiyar masallaci, duwatsu kore shar bayan ruwa. A can ƙoli makanike ya sa aka tsayar. Kwandon ya ɗan yi rawa, ta cafke hannuna. Yarinyar da ta kusa kai ni tsawo, sai ga ta ta manne mini kamar 'yar shekara biyar.

Na leƙa ƙasa, mutane sun zama kamar ƙwayar waken kawu. Ba mai ji, ba mai gani. Na riƙe hannun da kyau, na kira sunanta. Sau ɗaya, a hankali. Na ce, "Yau Asabar."

Ta kwantar da kai a kafaɗata har muka fara saukowa, sannan kowa ya gyara zama. Gwaggo ta tambayi abin da ya sa idanunmu suka yi ja, muka ce iska ce.

Lahadi muka sa su a jirgi, ita da Gwaggo. Ban yi kuka a tasha ba, kun san ba a yi. Muka biyo ta Umuahia da Aba, ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka iso Borokiri bayan la'asar, mu biyu. An ce har yanzu a Kasuwar Artisan akwai matan da ke zuwa neman waken da ya hau lilo, kawu kuma ya rantse bai ƙara ko kobo ba.

Abin da na koyo, na farko, kada ki ce wa yaro gobe ba ki sa Allah a ciki ba. Na biyu, in kin ga an rufe wuri don gyara kada ki yi tsaki; da na ga yadda mutumin nan ke kara kunne a ƙarfe kafin ya yarda a ɗora ɗan wani, na gode wa sarƙar da ta tare mu. Sunan kuwa, kada ku sa rai zan rubuta shi a nan. Na faɗe shi inda ya kamata, kuma mai shi ta ji.